Ƙusar katako ta isa ta zama sana'a mai zaman kanta

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sauke kayan ɗaki daga mota ranar jere, ko ya leƙa ajin firamare inda aka tara karyayyun bencina a kusurwa, ya san inda kayan katako suke fara mutuwa. A mahaɗa ne. Allon kansa yana nan lafiya lau, amma wurin da ƙafa ta sadu da jiki ya saki, ƙusa ta leƙo, sif ya karkace. Ƙusar ƙarfe ba ta riƙe bakin katako da kyau, balle allunan MDF da na garin katako da suka mamaye kasuwa yanzu, waɗanda bakinsu ke farfashewa da an doka musu guduma. Maganin da masana'antun kayan ɗaki na duniya suka daɗe da tsayawa a kansa shi ne ɗan mulmulallen icce, wanda bai kai tsawon yatsa ba, da ake shafa wa gam a cusa cikin huji biyu masu fuskantar juna. Ra'ayina shi ne yin wannan ƙusa ta katako ya kamata ya fita daga hannun kowane kafinta, ya koma hannun wasu 'yan tsiraru da za su riƙa yin ta dubu-dubu, a kan awo ɗaya, da busasshen icce.

Dalili na farko yana cikin halin iccen kansa. Katako ba ya raguwa a tsawonsa in ya bushe sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma a faɗinsa yana iya raguwa da kashi 4 zuwa 8 cikin 100, kuma raguwar ba daidai take ta kowane ɓangare ba: ta gefe ɗaya takan kusa ninka ta ɗayan. Saboda haka ƙusar da aka mulmula da ɗanyen icce ba ta zama a kewaye, tana bushewa sai ta shafe ta gefe ɗaya. Mai kaurin milimita 8 in ta rasa kashi 5 cikin 100, ta rasa kusan rabin milimita ke nan, alhali saɓanin da mahaɗa mai kyau ke iya jurewa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 10 na milimita ba. Shi ya sa masu yin ta a masana'antu suke busar da iccen har danshinsa ya sauka zuwa kashi 6 ko 8 cikin 100, ƙasa da na katakon da za ta shiga. In ta sha ruwan da ke cikin farin gam sai ta ɗan kumbura ta cika hujin dam. Su kuma tsage-tsagen da ake yi mata a jiki ba ado ba ne, hanya ce da iska da rarar gam ke bi su fito, don in babu su, bugun guduma na iya tsaga allon. A arewa wannan magana ta fi ko'ina nauyi, domin yawancin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga dazuzzukan kudu masu laima yake zuwa, ya tarar da hunturun da danshin iskarsa kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kafintan da ya fere ƙusa yau ya kafa ta yau, da katakon da ya sauka daga tirela makon jiya, ya riga ya sa wa aikinsa wa'adi.

Hanyoyin yin ta sanannu ne, kuma ba duka ne ke da tsada ba. Mafi tsufa ita ce farantin ƙarfe mai huji-huji: a faskara icce, a fere shi sama-sama, a doka shi ta cikin hujin ya fito a mulmule. Wannan ce ke ba da ƙusa mafi ƙarfi, tun da faskare yana bin jijiyar icce, sai dai ba ta da sauri, ba ta dace da mai neman dubbai ba. Sama da ita akwai dabarar ɗaure sanda mai kusurwa huɗu a bakin injin huda, a tura ta tana juyawa ta gaban wuƙa. Sai kuma injin da ke karɓar allo guda ya yanka shi sama da ƙasa da haƙora masu siffar rabin da'ira, sanduna da yawa su fito a tashi ɗaya. Sanda mai tsawon mita 1 tana ba da ƙusa kusan 30 masu tsawon milimita 30. To amma inji shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Abin da kafinta ɗaya ba zai iya ba shi ne ya ajiye icce wata da watanni yana bushewa, ya zaɓi mai miƙaƙƙiyar jijiya ya yar da sauran, ya tsaya a kan milimita 6 da 8 da 10 yadda ƙusar da aka saya a Kano za ta shiga hujin da aka huda a Kaduna. Wannan sai wanda ba shi da wani aiki sai shi. Haka garin High Wycombe na Ingila ya yi suna a kujeru a ƙarni na 19: akwai mutanen da ke zaune a dajin kusa da garin, aikinsu kawai mulmula ƙafafun kujera, su jera su su bushe, su sayar wa masu haɗawa a ƙidayar 144.

Za a ce ƙusar ƙarfe ta fi arha da sauri, kuma mai saye fenti da yadi yake kallo, ba ya ganin mahaɗa. Gaskiya ne, kuma ƙusar katako tana buƙatar huji biyu da suka yi daidai, abin da ke neman ƙarfen jagora da ɗan haƙuri. Sai dai wannan lissafin ranar ciniki ne kawai. Iyayen da suka ci bashi suka yi wa 'yarsu kayan ɗaki, da gwamnatin da ke sake ba da kwangilar bencina bayan 'yan shekaru, su ne ke biyan cikon. Akwai kuma suka mai nauyi daga ƙwararrun kafintoci, cewa mahaɗar da ake fafe rami a sassaƙa wa ɗayan katakon harshe ta fi ƙarfi. Wannan ban musa ba, musamman a ƙafar bayan kujera, inda mai zama ke jingina yana girgiza ta, kuma inda kumburin damina da bushewar rani ke sassauta ƙusa a hankali. A bar wa kujera wannan mahaɗa. Amma sif da kabad da teburi da kan gado, waɗanda yawancinsu da alluna ake yi yanzu, ba su da kaurin da za a fafe, kuma ƙusa biyu ko uku sirara a jere sun ishe su.

Sauran sukar biyu ba su da ƙarfi kamar yadda ake zato. Masu tsoron ƙarin sare itatuwa su duba guntayen katakon da ke tare a bayan injinan tsaga, waɗanda makomarsu murhu. Ƙusa mai tsawon milimita 30 daga irin waɗannan guntaye za ta fito, muddin iccen mai tauri ne. Masu cewa a shigo da ita daga Sin kuwa su tuna cewa a 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kayayyaki 41 samun dala a farashin gwamnati, ciki har da kayan ɗaki da tsinken sakace, sannan aka janye matakin a Oktoban 2023. Shekara 8 na kariya sun nuna cewa toshe ƙofar waje kaɗai ba ya haifar da mai yin kaya a gida, in babu mai saye tabbatacce. Wannan mai sayen yana nan: hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, masu sayen bencina da tebura da yawa a lokaci guda. In suka rubuta a takardar kwangila cewa mahaɗa ta zama ta gam da ƙusar katako mai kauri kaza, kuma jami'in karɓar kaya ya zo da na'urar auna danshi ya soka ta a katakon kafin ya sa hannu, mai ƙaramin inji a Na'ibawa ko Panteka ta Kaduna zai sami dalilin gina rumfar busar da icce.