Lasisin manhaja: Abin da shari'ar sojan ruwan Amurka ke koya wa ɗakunan kwamfutarmu

A watan Janairun 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara da ke Washinton ta tabbatar da hukuncin da ya ce gwamnatin Amurka ta biya wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Bitmanagement diyyar dala 154,400. Laifin kuwa shi ne rundunar sojan ruwan ƙasar ta yi amfani da manhajar kamfanin ba bisa sharaɗin da aka gindaya mata ba. Lokacin da kamfanin ya kai ƙara a 2016, kusan dala miliyan 600 ya nema. Wato dai an yi shekara takwas da 'yan watanni ana ta kai da komowa a kotu a kan tambaya guda: mutum nawa ne suka buɗe wannan manhaja, kuma wa ya ƙirga su?

Mai karatu zai ce to ina ruwanmu da rigimar manya? Ruwanmu ne fa. Duk makaranta ko ofis ko shagon buga takardu da ke da kwamfutoci sama da biyu a haɗe, wannan tambayar tana jiransa.

Yadda lasisi yake

Wanda ya biya kuɗin manhaja, izinin amfani da ita kawai ya saya, mallakarta na nan a hannun kamfanin da ya ƙirƙira. Wannan izini shi ne lasisi, kuma galibi iri uku ake sayarwa. Akwai lasisin na'ura, wanda ake ɗaure shi a kan kwamfuta ɗaya, kowa ya zauna a gabanta ya yi aiki. Akwai lasisin mai suna, wanda ake yanka wa mutum ɗaya da adireshinsa na imel da kalmarsa ta sirri, ba a yarda ya ba wani aro ba. Sai na uku, wanda zan kira lasisin karɓa-karɓa.

Shi wannan na ukun kamar littafin laburare yake. A ce makaranta tana da ɗalibai 300 amma kwafi 20 ta saya na wani littafi. Kowane ɗalibi yana da damar karantawa, sai dai ba za a samu fiye da mutum 20 riƙe da shi a lokaci guda ba. Na 21 sai ya jira wani ya mayar. Haka ma a nan: ana iya sanya manhajar a kan kwamfutoci 300, amma kujeru 20 aka biya, don haka mutum 20 ne za su iya buɗe ta tare.

Wa ke tsaron ƙofa? Wata 'yar manhaja ce da ake ɗorawa a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita. Da zarar ka danna manhajar, kwamfutarka za ta tambayi uwar garke ko akwai kujera. In akwai, a ba ka, a rubuta sunan na'urarka da lokaci. In babu, a ce maka ka dakata. Kana cikin aiki kwamfutarka na ta aika 'yar sanarwa lokaci-lokaci cewa ina nan ban tashi ba. Ka rufe, kujera ta koma rumbu. Manhajojin injiniyoyi da masu bincike irin su MATLAB da SPSS sun daɗe ana sayar wa jami'o'i su a kan wannan tsari, kuma kamfanin Flexera na Amurka na cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera irin wannan mai gadi.

Inda sojan ruwa suka yi tuntuɓe

Manhajar da ake rigima a kanta sunanta BS Contact Geo, tana nuna taswira da gine-gine kamar kana tsaye a wurin. Rundunar ta sayi lasisinta ta hannun wani dillali tsakanin 2006 da 2012, duka-duka ɗari da 'yan kai. Daga baya ta ga wahalar ɗaure kowane lasisi a kan na'ura ɗaya, sai aka yi magana a koma tsarin karɓa-karɓa. Kamfanin ya amince a baza manhajar a kan kwamfutocin rundunar, bisa fahimtar cewa za a yi amfani da manhajar Flexera wajen ƙirga masu buɗewa da tsayar da su in sun kai adadin da aka biya.

An baza ta kuwa, daga 2013, a kan kwamfutoci sama da 400,000. Mai gadin ne bai yi aikinsa ba. Ƙofa ta zauna a buɗe, babu mai hana kowa shiga.

A 2019 kotun farko ta ba rundunar gaskiya, ta ce ai kamfanin ya san za a baza manhajar kuma ya yarda. A watan Fabrairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci. Ta ce e, an yarda, amma yardar tana rataye ne da sharaɗin ƙirge, kuma tunda ba a cika sharaɗin ba, kwafin da aka yi ya zama keta haƙƙin mallaka. Ta ƙara da cewa nauyin nuna mutum nawa suka yi amfani da manhajar yana wuyan rundunar, tunda ita ce ta bar ƙofa ba mai gadi.

Da aka dawo lissafin diyya a 2022, alƙali ya tsaya a kan cewa mutum 635 ne suka taɓa amfani da ita. Aka cire waɗanda lasisi ya rufe, aka yi wa 597 kuɗi dala 200 kowanne, aka ƙara dala 35,000 na kujerun karɓa-karɓa guda 100 da ya kamata a ce an saya. Jimla 154,400 kenan. Kamfanin ya so a biya shi kan kowane kwafi, abin da zai kai kusan dala miliyan 86, kotu ba ta yarda ba.

Ka ga abin lura a nan. Rashin ƙirge ne ya jefa rundunar cikin laifi, kuma ƙirgen da aka haɗa daga baya shi ne ya cece ta daga biyan miliyoyi. Da tun farko an sa mai gadin ya yi aiki, da babu shari'ar ma gaba ɗaya. Ba kuma wannan ne karon farko ba. A 2013 gwamnatin Amurka ta amince ta biya kamfanin Apptricity dala miliyan 50 don a kashe magana, bayan an gano sojan ƙasa sun sanya manhajarsa a kan dubban na'urori fiye da abin da suka biya.

Abin da na gani a ɗakin kwamfutarmu

A makarantar da nake koyarwa muna da kwamfutoci 24 a ɗaki ɗaya, da wasu 'yan kaɗan a ofis da ɗakin malamai. Wata ƙungiya ta taimaka mana da manhajar koyon lissafi, aka sa mana ita a kan dukkansu, muka yi godiya aka watse. Babu wanda ya tambayi kujera nawa aka biya, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da na shiga da 'yan aji biyu na JHS, yara shida suka buɗe, na bakwai ya ɗaga hannu: "Malam, tawa ta ƙi." Kafin ka ce kwabo rabin aji sun ɗaga hannu. Muka ce ko bairos ne, muka kashe muka kunna, har aka buga ƙararrawa ba mu yi darasi ba. Sai bayan kwana biyu, da na zauna na karanta takardar da ta zo da manhajar, na ga kujeru 10 ne kawai. Huɗun da suka ɓace kuwa, biyu suna ɗakin malamai an bar manhajar a buɗe tun safe ba mai amfani da ita, biyu kuma sun maƙale tun ranar da aka ɗauke wuta, don kwamfutocin sun mutu ba su mayar da kujerunsu ba.

Wani abokin aiki ya ce abu mai sauƙi, akwai yaro a kasuwa da zai fasa mana ita kowa ya samu. Ban yarda ba, kuma dalilaina uku ne. Na farko, dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, wato Act 690, ta haɗa da manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. Na biyu, manhajar da aka fasa ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba, ga shi sakamakon jarrabawa da bayanan yara duk suna kan waɗannan kwamfutocin. Na uku, ba zan tsaya gaban yara ina ce musu kada su saci amsa a jarrabawa ba, alhali abin da suke koyo da shi na sata ne.

Abin da muka yi ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Muka cire manhajar daga ofis da ɗakin malamai. Muka saita ta yadda kujerar da aka bari minti 15 ba a taɓa ba za ta koma rumbu da kanta. Muka zaunar da yara biyu-biyu ko uku-uku, sauran kwamfutocin muka sa musu GeoGebra, wadda ba a biyan kuɗi a yi karatu da ita. Tun daga nan ba mu sake rasa darasi saboda kujera ba.

Kasuwa na juya wa karɓa-karɓa baya

Babban abin damuwa shi ne kamfanoni da yawa sun fara janye wannan tsari. Adobe ya koma biyan kuɗin wata-wata ko shekara-shekara tun 2013. Autodesk, mai AutoCAD, ya sanar a 2020 cewa zai daina tsarin da mutane da yawa ke raba lasisi ta uwar garke, ya koma na mai suna. Oracle kuwa a watan Janairun 2023 ya fito da farashin Java wanda ake lissafawa da yawan ma'aikatan kamfani baki ɗaya, da masu amfani da ita da waɗanda ba su taɓa ganinta ba. Dalilin a fili yake: in mutum 300 na raba kujeru 20, kuɗin 20 kamfani ya samu, in kuwa kowa sai da sunansa, kuɗin 300 ne.

Lasisin mai suna an yi shi ne don inda kowane ma'aikaci ke da kwamfutarsa da intanet da ba ya yankewa. Mu kuwa a makarantun zango, daga Nima har Kumasi da Tamale, kwamfuta ɗaya yara da yawa ke zama a kanta a rana, aji na fita aji na shiga. Ga shi farashin da dala ake yanka shi, kuma duk wanda ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022 ya san kuɗin shekara-shekara na dala ba abin da ƙaramar makaranta za ta ɗaura wa kanta ido rufe ba ne.

Gaskiya kamfanoni ma suna da tasu hujjar. Ma'aikata suke biya, gyara suke yi, kuma shari'ar Bitmanagement ta nuna cewa mai saye ba kullum yake riƙe amana ba. Wasunsu kuma suna da rangwame na musamman ga makarantu: Adobe na da lasisin na'urar da ake rabawa a ɗakin kwamfuta, Microsoft na ba makarantun da suka cancanta Word da Excel na kan intanet kyauta. Sai dai wanda bai tambaya ba, ba za a bi shi gida a faɗa masa ba.

Me ya kamata a yi?

Shawarata ga shugabannin makarantu da kwamitin iyaye da masu shaguna ita ce a fara da littafi da biro. A rubuta kowace manhaja da ke kan kowace kwamfuta, wane irin lasisi ne, kujera nawa, yaushe zai ƙare, ina rasit. A damƙa wa mutum ɗaya wannan aiki, in zai bar wurin ya miƙa wa wani hannu da hannu.

Kafin a saya, a yi sati biyu ana duba mutum nawa ke buƙatar manhajar a lokaci guda a sa'ar da aka fi cunkoso. Wannan adadin ne za a je ciniki da shi. Wanda ya sayi kujera 24 alhali 12 yake buƙata ya zubar da kuɗin iyaye, wanda ya sayi 5 kuma ya zubar da lokacin yara. Sau da yawa gyaran jadawali kaɗai ya isa, kada a haɗa aji biyu a kan manhaja ɗaya a sa'a ɗaya.

In an kawo kyauta, a yi godiya sannan a yi tambaya: kujera nawa ne, da sunan wa aka yi rajista, wa zai biya in shekara ta zagayo? In akwai uwar garke, a saya mata ɗan batirin riƙe wuta, domin in ta mutu duk kujerun sun tafi da ita. Kuma duk wata yarjejeniya da dillali a sa ta a rubuce. Rabin wahalar sojan ruwan Amurka daga nan ta taso, don izinin baza manhajar a saƙonni da fahimtar juna ya tsaya, sai da alƙalai suka yi ta tono kafin su ce ga abin da aka yarda a kai.

Inda kuma manhajar kyauta za ta yi aikin, a ɗauke ta. LibreOffice na rubutu da lissafi, QGIS na taswira, GIMP da Inkscape na zane, Scratch na koya wa yara shirya manhaja, duk ba su da iyakar kujera. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice, kuma ba talauci ne ya sa ta ba. Kuɗin da aka rage sai a sayi lasisin gaskiya na manhaja ɗaya ko biyu da ba su da madadi.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Rundunar da ke da lauyoyi da kuɗi ta sha shekara takwas a kotu saboda ba ta tabbatar mai gadinta na aiki ba. Mu da ba mu da ko ɗaya daga ciki, gara mu buɗe littafin nan tun kafin hutu ya ƙare. Allah Ya sa mu dace.