Kafin Ku Sayi Kayan Haska Bidiyo a Taro

'Yan uwana ɗalibai, bikin yaye 'yan aji shida ya ƙarato, kuma a wasu makarantu ku za a ɗora wa aikin haska bidiyo a babban allo. Kuɗin da za a ba ku kaɗan ne, in kuma hoto ya daskare, a gaban iyaye za a ji kunyar.

Ku fara ƙirga kyamarorinku. In ɗaya ce, laftof da manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce, sun isa, sai 'yar na'urar da ke shigar da hoton kyamara ta USB. In sun kai uku, ku nemi mikisa. ATEM Mini na kamfanin Blackmagic yana da ƙofofin HDMI 4. Maɓalli ɗaya za ku danna, hoto ya bar shugaban makaranta ya koma kan mai karɓar kyauta. A ganina hayarsa ta fi saye, tunda taron sau ɗaya ne a shekara.

Wajen kwamfuta ne ake yi wa mutane wayo. Mai shago zai yi ta nanata muku "Core i7 ce", alhali tun 2008 ake ƙera i7, wata ma ta girmi ƙannenku. Ku tambayi shekararta. Ku nemi mai katin hoto na daban, irin na NVIDIA, da RAM gigabayit 16 da SSD.

Wayar HDMI kuwa, in ta wuce mita 15, hoto yakan fara ɗaukewa. Idan zauren babba ne, SDI za ku ja. Ku kuma ware kuɗin UPS, saboda 'yan mintunan da ake ɗauka kafin a tayar da janareta.