Ciwon Baya da Iyakar Abin da Hannu Zai Iya Gyarawa

Duk wanda ya san hanyar Jega zuwa Aliero ya saba ganin mota ɗauke da mutum a kwance, an tallafe masa ƙafa da matashin kai, an nufi gidan masu ɗori. Bayan albasa, babu abin da ya fito da sunan Aliero kamar ɗori, kuma tun kafin a kafa jami'a a garin cikin 2006 ake zuwa daga nesa, har daga ƙetaren iyaka. Saboda haka mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga maganin da ake yi da hannu. Watakila shi ya sa bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook, inda ake kwantar da mutum a murɗa masa wuya ko a danna masa baya har a ji ƙas, suka samu karɓuwa a wajen ɗalibaina. Wani ma ya ce da ni wannan ai ɗorin Turawa ne.

Ba ɗori ba ne. Sunan sana'ar kairofiraktik, kuma wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya ƙago ta a garin Davenport na jihar Iowa ta Amurka cikin 1895. Ya yi iƙirarin cewa ya danna bayan wani mai share-share da ke da matsalar ji, jinsa ya dawo. Daga nan ya gina ra'ayin cewa mafi yawan cututtuka suna samuwa ne daga gocewar ƙasusuwan gadon baya. Palmer ba likita ba ne. A 1906 har ɗaure shi aka yi saboda yin magani ba tare da lasisi ba. Sana'ar dai ta rayu, ta samu makarantu, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horar da masu yin ta.

Abin da bincike ya tabbatar mata kaɗan ne. Ga ciwon ƙugu na yau da kullum, irin na manomin da ya yini a sunkuye yana dashen albasa, ko ɗan dako a kasuwar Jega, ko ɗan kabu-kabu, dannawar ƙwararre tana iya rage zafi, gwargwadon yadda motsa jiki ko gashi ke ragewa. Galibin irin wannan ciwo ma yakan lafa da kansa cikin makonni shida. Amma hawan jini da asma da ciwon suga da rashin haihuwa, babu hujjar cewa danna baya yana warkar da su. Ƙarar da ake ji kuwa ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji in an ja yatsa. Murɗa wuya da ƙarfi kuma, ko da yake ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗalibina daga yankin Maiyama. Mahaifinsa ya yi wata huɗu yana ciwon baya, yana ramewa, yana gumi da dare. Wani mai yawo kasuwa-kasuwa da tabarma da kwalbar man zafi ya ce masa ƙashi ne ya goce, ya hau bayansa da gwiwa har sau uku. Da ƙafafu suka fara nauyi aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, hoto ya nuna tarin fuka ne ya ci masa ƙashin baya. Mutanenmu da yawa ba su san cutar tana kama ƙashi ba tare da tari ba. Maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, sai dai ana shan sa watanni masu yawa. Ƙashin da ta rarake kuwa, dannawa na iya durƙusar da shi a kan laka.

Don haka akwai ciwon bayan da bai kamata hannu ya taɓa ba sai an yi hoto: wanda ya zo da zazzaɓi ko rama, wanda ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari, wanda ke hana barci ko da an kwanta, da na tsoho mai raunin ƙashi. Idan kuwa ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba.

A nan nake ganin tsofaffin masu ɗorinmu sun fi Palmer gaskiya. Sana'arsu karaya ce da targaɗe da gocewar gaɓa. Ban taɓa jin wani daga cikinsu ya ce ɗori na maganin suga ba. Wannan ba ya nufin babu gyara a wajensu. Likitocin ƙashi a Dala da Sakkwato sun daɗe suna kokawa kan ɗaurin da ya matse, musamman a gwiwar hannun yara, inda kumburi ke tare jini har hannu ya ruɓe a yanke. Yaron da yatsunsa suka yi sanyi ko suka yi baƙi bayan ɗori, a kwance ɗaurin nan take a kai shi asibiti.

Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama za su iya haɗa kai su tabbatar da na'urar hoton ƙashi mai aiki kusa da gidajen ɗori, a kan kuɗin da talaka zai iya biya, su kuma zauna da masu sana'ar a amince kan larurorin da za su riƙa turawa asibiti. Shi dai mahaifin ɗalibin nawa, yanzu yana wata na bakwai a kan magani, ya fara takawa da sanda, amma bana ƙanensa ne ya dasa masa albasa.