Shawarar Wata: Maharbi da Murhu

Kaka ta wuce, hunturu ya kama, ciyawa ta bushe ƙayau. Yanzu ne maharban Agiye da Gazawa da Gidan Rumji suke shiga daji neman zomo da zabo da fakara. A dandali ana ta gardama: maharbi ya ɗauki murhu, ko ya hura wuta a ƙasa inda dare ya same shi?

Masu ƙin murhu suna cewa kaya ne. Ga bindiga, ga gorar ruwa, ga gafaka. Suna da gaskiyarsu. Amma wutar ƙasa ba ta da shinge. Iskar hunturu tana ɗaukar tartsatsi guda ta jefa shi cikin ciyawa. Kafin a ankara, abincin shanu na rani duka ya zama toka. Kabar da mata ke saƙa tabarma da ita a Gulbin Kaba ta ƙone. Ƴan itatuwan da manoma suka raina da sassaben zamani su ma sun tafi. Makiyayin da ya rasa ciyawa zai sayar da dabbarsa da araha.

To, ga shawara.

Mai tafiyar yini ɗaya ba ya bukatar wuta. Fura ko gumba, da garin rogo da ƙuli-ƙuli, sun ishe shi.

Masu kwana biyu ko uku su haɗa kai, su ɗauki ƙaramin murhun ƙarfe guda da ɗan gawayi, su riƙa karɓar juna ɗauka. Murhun yana tsare garwashi wuri ɗaya, kuma ba ya cin makamashi da yawa.

Wanda ba shi da murhu ya share ciyawa taki huɗu ta kowane gefe, ya gina rami, ya hura wuta ciki. In ya gama, ya rufe ta da rairayi. Kada ya tashi sai tokar ta huce.

A tuna, dokar farauta ta 1998 ta hana koro namun daji da wuta. Mai shakka ya tambayi ma'aikatan gandun daji kafin ya fita.

Murhu yana da nauyi a kafaɗa, amma bai kai nauyin alhakin mutanen da aka ƙone wa makiyaya ba.