Sakkwato: Shin biyan manoma kuɗi zai tsayar da hamada?

A watan Disambar 2021 ne Bankin Duniya ya amince da bai wa Najeriya rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace.

Jihar Sakkwato na cikin shirin, kamar yadda take cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa da doka a 2015.

Sai dai abin tambaya shi ne, nawa ne daga irin waɗannan kuɗaɗe ke shiga hannun manomin da ake son ya kare ƙasar?

A al'adance, tallafin da manomin Illela ko Gada ya sani shi ne takin zamani da iri. Kuɗin kare muhalli kuwa kan tafi ne ga renon dashe da bikin shuka itatuwa a farkon damina. Da rani ya kama, akuya da fari su gama da akasarin abin da aka dasa, domin babu wanda aka ɗora wa alhakin rayuwar itacen, balle a biya shi.

A Amurka lamarin ya sha bamban. Tun 1985 gwamnatin tarayya ke ƙulla yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15 da manoma, tana biyan su kuɗin haya duk shekara domin su bar noman filin da ke zaizayewa, su rufe shi da ciyawa ko itatuwa.

Da wuya wannan tsari ya zauna a Sakkwato yadda yake. Wanda gonarsa ba ta ciyar da gidansa shekara guda ba zai hutar da ita ba. Ga kuma gonakin aro da na jingina: wa za a biya, mai gona ko mai noma ta?

Darasin Maraɗi

Misalin da ya fi kusa yana tsallaken iyaka. A lokacin yunwar 1984, wani shirin agaji a yankin Maraɗi, wanda masanin noma ɗan Ostireliya Tony Rinaudo ke ciki, ya riƙa ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar kututturan da ke tsirowa a gonakinsu, su sassabe su, su rene su.

Da agajin ya ƙare, an sare mafi yawan itatuwan. Wannan kaɗai ya isa gargaɗi ga mai ganin kuɗi zai wadatar.

Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani: itacen girki, harawar dabbobi, da gero mai kyau a gindin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina. Maƙwabta suka kwaikwaya. Daga baya hukumomin Nijar suka sassauta riƙon da jami'an gandun daji ke yi wa itatuwa, manomi ya sami tabbacin cewa abin da ya rena nasa ne. An ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin ƙasar, ninki biyar ke nan na burin ACReSAL.

Saboda haka idan za a biya manomin Sakkwato, ya fi dacewa a biya shi kan itacen da ya kai shekara biyu ko uku a raye, a kuma tabbatar masa da ikon amfani da shi.

Hakan na buƙatar malaman gona su shiga ƙauyuka su ƙidaya. A Isa da Sabon Birni da Tangaza, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba mutane da dama da gonakinsu, wannan ƙidayar ma kanta ba ƙaramin aiki ba ce.