Kafin a sayar da gona don buɗe wa dokta kabine

Watan jiya wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni a gida nan Maraɗi. Ni na koyar da shi kimiyyar halittu a lise. Ya ci bak, ya tafi Dakar ya karanto aikin likitan haƙori a Jami'ar Cheikh Anta Diop, yanzu shekararsa biyu da dawowa yana aiki a Yamai. Bayan mun gama gaisuwa sai ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Baba ya ce zai sayar da gonarmu ta bakin Gulbi ya ba ni kuɗin in samu kabine nawa na kaina."

Na tambaye shi: cikin likitocin haƙori da suka girme shi a aiki, mutum nawa zai kira a waya yau su ɗauka, su gane muryarsa? Ya yi shiru yana ƙirga, ya ce biyu, ɗayan ma shugabansa ne a wurin aiki. Na ce, "To ɗana, ka gaya wa Alhaji ya dakata da maganar gonar tukuna."

Na san wasu iyaye za su ga kamar na karya wa yaro gwiwa. Ga dalilina. Mu iyaye idan muka ji an ce kabine, abin da ke zo mana a rai shi ne kaya: kujerar nan mai fitila, injin iska da ke tuƙa na'urar huda haƙori, tukunyar tururi da ke dafa kayan aiki har zafi ya kai digiri 134, na'urar ɗaukar hoton haƙori, da janareta saboda ɗaukewar wuta. Duk waɗannan kuɗi na sayen su, miliyoyin sefa ne kawai. Amma abin da ke riƙe kabine shi ne mutanen da suka yarda su buɗe bakinsu su bar wani ya sa ƙarfe a ciki, su dawo baɗi, su kawo matansu da ƴaƴansu. Wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san ba kowa ake miƙa wa baki ba.

Ko a Faransa, inda sayar da kabine tsakanin likitoci ya zama ruwan dare, an daɗe kotuna suna cewa majinyata ba haja ba ne da za a sayar. Sai ranar 7 ga Nuwamba 2000 babbar kotun ƙasar ta yarda da irin wannan ciniki, da sharaɗin cewa majinyaci yana nan da ƴancinsa na zaɓen likitan da ya ga dama. Ma'ana, ko ka biya, babu wanda zai ɗaure maka mutane a kujera. Abin da tsohon likita zai iya yi maka shi ne ya tsaya kusa da kai ya ce wa majinyacinsa, "Alhaji, wannan yarona ne, na ga hannunsa, ka saki jiki." Wannan magana ita ce rabin abin da ake biya, kuma dattijon kirki ba zai faɗe ta a kan wanda ya fara gani ranar ciniki ba.

Akwai kuma maganar yadda labari ke tafiya. Likitan da ya tsufa, idonsa ya fara rauni ko bayansa ya gaji da sunkuyo, ba ya manna takarda a bango ya ce kabine na sayarwa ne. Idan ya yi haka majinyata za su watse, ma'aikatansa su fara neman wani wuri, darajar abin ta faɗi tun kafin mai saye ya zo. A cikin hira yake faɗi, ga abokin karatunsa, ko ga mai kawo masa allurar kashe zafi da safar hannu, ko ga mai haɗa haƙoran roba da suka yi shekara ashirin suna aiki tare. Matashin da ke tashi daga aiki ya wuce gida kai tsaye ba zai ji ba sai an gama. Shi ya sa na ce wa ɗalibina kada ya raina mai haɗa haƙora da mai gyaran kujera. Su ke shiga kowane kabine, sun san wanda ke cike da mutane da wanda ƙura ta rufe, sun san mai biyan bashi da mai ɓuya.

Kuma sai da mutane ake gane ramin da ke ƙarƙashin tabarma. Kabine na iya sheƙi a ido alhali mai shi bai biya wa ma'aikatansa kuɗin CNSS ba shekaru, ko bashin haraji ya taru, ko mai gidan yana shirin tayar da su. A ƙarƙashin dokar OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ɗan haya da ya yi sana'arsa a wuri aƙalla shekara biyu bisa ƙa'ida yana da haƙƙin neman a sabunta masa hayar, amma dole a duba takardar hayar da yadda za ta koma sunan sabon mai shi. Ga izinin Ma'aikatar Lafiya, ga rajista a hukumar da ke kula da masu sana'ar. A jami'a an koya wa yaro jijiyar haƙori da ƙashin muƙamuƙi. Wanda zai ce masa ga notar mai gaskiya, ga akanta, ga tambayar da za ka yi kafin ka sa hannu, sai wanda ya riga ya bi hanyar.

Wani abokin aikina da muka yi wannan muhawara da shi ya ce ai abin da nake kira sanin mutane shi ne PAC ɗin da muke kuka da shi kullum, dangi da abokai da ƴan sani, wanda ya hana ɗan talaka samun aiki. Ina fahimtar fushinsa, ni ma na ga ɗaliban da suka fi kowa maki suna zaune gida. Sai dai abubuwan biyu sun sha bamban. A PAC ana ba ka abin jama'a saboda sunan ubanka, ko ka iya ko ba ka iya ba. Nan kuwa mutum ne zai miƙa sunan da ya gina da guminsa, kuma idan ya miƙa wa marar hannu, shi za a zaga a gari. Ɗan talaka ma shi ya fi buƙatar wannan hanya, tunda ba shi da kawun da zai buga masa waya. Ranar Asabar ɗinsa yake da ita, da haƙurin riƙe wa babba kabine idan ya tafi Hajji ko jinya.

Ban ce babu cuta a ciki ba. Na ji labarin matashin da ya yi shekaru yana wa wani dattijo aiki a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, kullum ana ce masa wata rana wurin nasa ne. Da dattijon ya rasu, magada suka sayar wa wani, yaro ya fita da jakarsa kawai. Kunyarmu ce ke jawo irin wannan. Muna ganin neman takarda daga babba rashin ladabi ne. A Faransa tun dokar 2 ga Agusta 2005 akwai tsarin da ke ba ƙaramin likita damar aiki a kabinen babba bisa rubutacciyar yarjejeniya, yana tara nasa majinyatan a gefe. Ko ba mu kwafi tsarinsu ba, alkawarin saye ya kamata ya hau takarda da shaidu, kuma a nan uba zai yi amfani, domin abin da yaro ke jin nauyin faɗi, dattijo na iya faɗa wa ɗan'uwansa dattijo a kan tabarma.

Iyaye, ga inda muke kuskure. Idan yaro ya ce zai je taron likitoci a Dakar ko Abijan muna ganin yawo ne da ɓarnar kuɗi, amma muna shirye mu sayar da gona. Kuɗin mota da masauki na kwana uku bai kai kuɗin ƙafar kujera ɗaya ba. Abin ya fi tsanani ga ƴaƴa mata. Mun bar yarinya ta yi shekaru a ƙasar waje tana karatu, ta dawo da digiri, sai mu ce daga asibiti sai gida, kada a gan ta wurin taro. Daga baya mu yi mamakin yadda abokan karatunta maza suka riga ta samun wurinsu. Idan tsoron maganar mutane ne, a haɗa ta da manyan mata likitoci, ko uwarta ta raka ta gaisuwar farko.

Mu malamai kuwa muna riƙe da abin da ba mu san darajarsa ba. Wanda ya yi shekara talatin a aji yana da tsoffin ɗalibai a asibiti, a banki, a kotu, a ofishin haraji, kuma yawancinsu ba su san juna ba. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Me zai hana darektan lekol ya gayyato likitan haƙori babba da ƙarami su zo tare su duba bakin yara? Yara sun ƙaru, iyaye sun ga fuskar matashin, shi kuma ya wuni gefen babba ana ganin yadda yake lallashin yaro mai kuka.

Kafin ɗalibina ya tashi na ɗauko tsohon littafina na lambobin waya. Akwai wata da na koyar shekaru da dama kafin shi, tana da kabine a Damagaram. Na kira ta a gabansa, na ce ga ƙanenta zai zo gaishe ta. Ta ce ya zo ranar Asabar da rigar aikinsa, tana da yara huɗu da za a cire wa haƙori kuma mai taimaka mata ba ta da lafiya. Alhaji ya aiko mini saƙo daga baya cewa bana ma zai shuka gonar.