Baƙin Layi a Talabijin Ba Lalacewa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Gummi, ko a rumfar mai shayi a Anka ko Bukkuyum, zai iya shaida wani abin mamaki: mutanen da ke cikin talabijin sun zama gajeru masu faɗin kumatu, ƙwallon ƙafa kuma ta koma kamar ƙwan zabuwa. Ba wanda ke ƙorafi. Amma da zarar baƙin layi ya bayyana a gefen hoton, sai 'yan kallo su hau mai gidan da surutu, wai akwatinsa ya lalace. Gaskiyar magana ita ce, hoton mai baƙin layi shi ne lafiyayye, wanda ya cika fuskar akwatin kuwa sau da yawa shi ne gurgu.

Asalin matsalar lissafi ne mai sauƙi. Tsohon akwatin talabijin mai ƙeya an ƙera fuskarsa bisa awon 4:3, shafaffen na yanzu kuma bisa awon 16:9, wanda wani injiniya Ba'amurke, Kerns Powers, ya ba da shawararsa a 1984. Alal misali, idan tsayin fuskar kowannensu taƙi 9 ne, to faɗin tsohon taƙi 12 ne, na sabon kuma 16. Hoton da aka ɗauka don taƙi 12, in aka ja shi ya cika 16, an ƙara wa kowane abu da ke cikinsa sulusin faɗinsa. In kuwa aka matse na 16 a cikin 12, an rage masa rubu'i, sai mutane su miƙe zalau-zalau kamar karan dawa.

Faifan DVD, wanda ya fara shiga kasuwa a Japan a 1996 (tsaran Jihar Zamfara ne ke nan), ya zo ne a daidai lokacin da duniya ke tsakanin waɗannan awo biyu. Bisa tsarin PAL da Nijeriya ta ɗauka, hoton da ke cikin faifan ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, ko fim ɗin mai faɗi ne ko ba mai faɗi ba. Saboda haka fim mai faɗi a matse ake ajiye shi, sai wajen kallo a warware. Wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, ba ta sanar da na'urar irin akwatin da aka haɗa ta da shi. Mai ita ne zai gaya mata, a shafin saiti inda aka rubuta 4:3 LB, da 4:3 PS, da 16:9. Na farko yana nuna wa tsohon akwati dukkan hoton, da baƙin layi sama da ƙasa. Na biyu yana yanke gefuna don hoton ya cika. Na uku na shafaffen talabijin ne. Akasarin masu saye ba su taɓa buɗe wannan shafi ba, yadda aka ciro na'urar daga kwali haka take har ta mutu.

Finafinan Hausa na farko, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa zamanin faifan VCD, an ɗauke su ne bisa awon 4:3. Haƙƙinsu a sabon akwati shi ne a bar su a tsakiya, da baƙi dama da hagu. Finafinan Indiya na sinima kuwa sun fi 16:9 ɗin ma faɗi, don haka ko a sabon akwati sai sun bar layi sama da ƙasa.

To, me ya sa ido ba ya ƙin gurgun hoto? A nan ne ilimin halittu ke da ta cewa. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da abin da aka daɗe ana nuna mata, har ta mai da shi ma'auni. A 1999 wasu masu bincike biyu a Amurka, Webster da MacLin, sun nuna cewa mutumin da ya ƙura wa karkatacciyar fuska ido na ɗan lokaci, in aka nuna masa lafiyayya sai ya ga ta karkace ta ɗaya ɓangaren. Shi ya sa ranar da aka gyara saitin gidan kallo, abin da za a fara ji shi ne 'yan wasan sun rame.

Da abin ya tsaya ga nishaɗi, da sai a ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma da irin wannan akwati ne ake nuna wa ɗaliban kimiyya da na kiwon lafiya darasi, kuma a ilimin halittu siffa ita ce shaida. Jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam a kewaye suke kamar faifai, na raƙumi kuwa siffar ƙwai gare su. Malamin da ya ja hoton jinin mutum ya cika akwati, ya nuna wa ajinsa abin da ya fi kama da jinin raƙumi bai sani ba. Haka nan ƙwan tsutsar ciki: na wata a kewaye yake, na wata mai tsawo ne, da wannan bambanci ake rarrabe su a madubin likita. Mafi muni shi ne hoton yaron da tamowa ta kama. In aka ƙara wa damtsensa sulusi, uwar da ke kallo za ta ga yaro mai ɗan jiki, alhali an ɗauki hoton ne don ta gane rama tun da wuri.

Masu gidajen kallo suna da hujjarsu, wato sun sayi babban akwati da kuɗi mai yawa, ba za su bar rubu'insa ba hoto ba. Wannan magana ce ta kasuwa, ana iya yi musu uzuri. Makaranta da asibiti ba su da wannan uzuri.

Gyaran bai kai minti biyu ba. A fara da na'urar, a zaɓi awon da ya dace da akwatin da ke gabanta. Sannan a koma kan talabijin, a cire shi daga saitin da ke jan hoto ko zuƙo shi, a bar shi a kan na asali. Daga nan sai a tsayar da fim a inda aka nuno wani abu kewayayye ta gaba, kamar agogon bango ko tayar mota, a ɗora zare a auna tsayinsa da faɗinsa. In sun zo daidai, saitin ya yi.